Ɗan Meziko a Falona

Ƙarin girma ne ya jawo mini. Wata uku da ɗaga ni mataki na gaba a wurin aiki, sai na fara kallon falona da idon baƙo. Kujeru lafiyarsu ƙalau, darduma ba ta daɗe ba, amma na lura duk gidan babban mutum da na shiga, akwai wata shuka tsaye a kusurwa cikin tukunya. Ba a cin ta, ba a shan inuwarta. Aikinta ɗaya, ta shaida wa baƙo cewa maigidan nan ya wuce tunanin tuwo. Ni kuwa abin da ke kusurwar falona buta ce da tsintsiya.

Ran wata Asabar na tsaya wurin masu sayar da fulawa a bakin titi. Ina fitowa daga mota idona ya faɗa kan wani tsiro. Tsawonsa ya kai ƙuguna, jikinsa mai kusurwa uku, rassa sun miƙe sama a jere kamar yatsun mai roƙon ruwa. A kan kowace kusurwa ƙaya bibbiyu sun yi layi, tsakanin kowace ƙaya biyu akwai ɗan ganye kamar kunnen ɓera. Launinsa ne ya gama da ni, ja mai duhu kamar zoɓon da bai sha ruwa da yawa ba.

"Alhaji, idonka ya san kaya," in ji mai fulawar. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban ga dalilin gyara masa ba. "Wannan kaktus ne, ɗan Meziko. Uku aka kawo, wani babban mutum ya ɗauke biyu jiya. In ya shekara zai yi fure fari fat, da tsakar dare yake buɗewa."

Ya nuna mini wani ɗan kwali da aka ɗaure a jikin tukunyar, an rubuta da biro: Euphobia Trigonia Rubra. Ya karanta mini da ƙarfi, "Yufobiya Tirigoniya Rubura," kamar mai kiran sunan basarake. Nan take na ji a raina cewa ko shukar ba ta kai kuɗin ba, sunan ya kai. Ya ce dubu 30, na taya dubu 18, ya ce albarka, na taka wajen mota na dawo, aka sallama a dubu 22. Na tafi ina jin na cuce shi.

Uwargida ta zagaye tukunyar sau biyu, ta ce, "Malam, wannan kuma maganin mene ne?"

Na ce ba magani ba ne, ado ne. Ta tambayi kuɗin, na ce dubu biyar. Duk magidanci ya san wannan lissafi.

"Dubu biyar a kan ƙaya? Allah ya kyauta."

Na kori buta da tsintsiya zuwa bayan ƙofa, na naɗa baƙona a kusurwar da ta fi nisa da taga, don kada rana ta dame shi. Kullum da safe kafin in fita sai na ba shi ruwa kofi biyu, saboda ba a bar baƙo da ƙishirwa a gidana. Sunan kuwa na haddace shi kamar karatun allo. Duk wanda ya shigo, tun kafin a gama gaisawa zan karkata hira ta nufi kusurwa. In ya tambaya, in gyara zama in sake masa sunan a hankali, gaɓa-gaɓa. In bai tambaya ba, in faɗa masa duk da haka. Da tafiya ta yi tafiya na ƙara wa labarin gishiri: ai irinsa ne ake gani a fina-finan kaboyi, ai matafiya a hamadar Meziko sukan fasa shi su sha ruwan ciki. Alhamdu lillahi ba wanda ya nemi in fasa masa ya ɗanɗana. A majalisarmu ta bayan la'asar har sun daina kirana da sunana, sai Yufobiya, ni kuwa ina amsawa da murmushi don na ɗauka yabo ne.

Bayan wata biyu jan ya fara gudu. Sabon tohon da ya yi kore ne shar, kuma siriri, gindin ya soma laushi. Na koma wurin mai fulawa, ya saurare ni da natsuwa irin ta likita, ya ce, "Baƙunta ce, Alhaji. Kewar gida yake yi." Na sayi wannan ma, haɗe da ƙullin taki na dubu biyu.

Ana cikin haka Gwaggo ta zo daga ƙauyenmu don a duba mata ido. Ƙanwar mahaifina ce, ta haura saba'in, yana ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi take gani da shi. Ta zauna a kan darduma, don ba ta yarda da kujerar da mutum ke nutsewa a ciki ba, ta sha ruwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ƙura wa kusurwa ido mai lafiyar.

"Kai ɗan nan, awaki ne ke shigo muku falo?"

Na ce a'a, Gwaggo.

"To me ya kawo shinge?"

Na yi dariyar da ɗan boko ke yi wa mutumin ƙauye, na fara bayani. Ban kai Rubura ba ta katse ni. "Wannan ai ƙerana ce. In ma ba ita ba ce, to 'yar ɗakinsu ce." Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta zaro tsinken tsintsiya, ta ɗan soki jikin baƙona. Wani farin ruwa mai kauri ya ɓullo, ya gangaro a hankali. "Ka gani? Nono. Ka kau da ita daga inda yara ke wasa."

Na ce, Gwaggo, daga Meziko fa aka kawo shi.

"To, in daga can take, ta bayan gonar kakanka ta biyo."

Abin ya tsaya mini a wuya. Ina da 'yar ƙanena da ke karatun ilmin tsirrai a jami'a, sai na aika mata ta zo, da nufin in kafa ta shaida a gaban Gwaggo. Yarinya mai ladabi ce. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ɗauki kwalin ta karanta, sai na ga kafaɗunta suna rawa. Ta ce a ba ta izini ta sha ruwa, ta fita, na jiyo dariyarta daga tsakar gida.

Da ta dawo ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri, a cikin kalmomi ukun nan ɗaya ce kawai aka rubuta daidai." Ta karɓi biro ta rubuta a bayan kwalin: Euphorbia trigona 'Rubra'. Wata biyar ke nan ina yawo da sunan da ba shi a kowane littafi.

Sannan ta rushe Meziko. Ta ce dangin kaktus kaf 'yan nahiyar Amurka ne, in ban da guda ɗaya, Rhipsalis baccifera, da ake samu har a dazukan Afirka, shi kuwa igiyoyi ne masu reto daga jikin bishiya, ko kama da nawa bai yi ba. Ta nuna mini gindin ƙayar. A jikin kaktus na gaske, ƙaya daga wani ɗan matashi mai gashi-gashi take fitowa. Nawa ba shi da matashin, ƙayarsa bibbiyu ce tsirara kamar ƙahon sa. Ga kuma nonon da Gwaggo ta fitar da tsinke, wanda shi ne tambarin gidan Euphorbia. Kamar da suka yi da juna, zaman wuri mai fari ne ya jawo: kowanne ya tara ruwa a jiki, ya rage ganye, ya yi ƙaya, har suka zama kamar 'yan uwa alhali ko maƙwabtaka ba su haɗa ba.

A nan ne, duk da kunyar da nake ciki, hirar ta fara yi mini daɗi, don ashe sunan nan da nake taƙama da shi yana da tsari kamar namu. Kalmar farko sunan gida ce, da babban baƙi ake fara ta. Ta biyu sunan yanka ce, da ƙaramin baƙi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya daidaita wannan tsari na kalma biyu a littafinsa na 1753, kuma daga wannan shekara ake fara lissafin sunayen tsirrai. Shi kansa sunan gidan ya girmi Linnaeus nesa ba kusa ba, kuma ɗan Afirka ne ya raɗa shi: Sarki Juba na Biyu, wanda ya mulki yankin da yanzu yake arewacin Maroko da Aljeriya kimanin shekara 2,000 da suka wuce, mijin 'yar Kiliyofatira ta Masar. An samo wata shuka mai nono a duwatsun Atlas, ya sa mata sunan likitansa Bagirke, Euphorbus. Yarinyar ta ƙara da cewa a harshen Girka sunan yana nufin wanda ya ƙoshi. Da ta faɗi haka ta saci kallon tumbina, ko kuwa ni ne na tsargu.

Trigona kuwa ba wani sirri a ciki, "mai kusurwa uku" ke nan, abin da ko ɗan firamare zai ƙirga. Philip Miller, shugaban wani lambun tsirran magani a unguwar Chelsea ta Landan, shi ya raɗa shi a 1768. Na ukun, 'Rubra', ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne da masu lambu ke ba wani iri da suka ware saboda wata siffa tasa, shi ya sa ake killace shi tsakanin 'yan waƙafi biyu na sama. Ma'anarsa "ja". Wato na biya dubu 22 don a gaya mini da Latin cewa jan abu ja ne. Ta ce wasu masu sayarwa 'Royal Red' suke kiransa, kuma ƙa'idar duniya ta hana ba sabon iri laƙabin Latin tun daga 1959, don kada a riƙa rikita laƙabi da sunan yanka, a riƙa ruɗar mutane. Ba ta ce irina ba, amma na ji.

"Jan kuma da ya gudu fa?" na tambaya a sanyaye.

"Rana yake so, Baffa. Ka sa shi a duhu, kana kuma ba shi ruwa kullum. Saura kaɗan saiwarsa ta ruɓe."

Gwaggo dai tana jan carbi, ba ta ce uffan ba, sai da yarinyar ta fara lissafa 'yan gidan. Ta ce sun kai wajen 2,000 a duniya, kuma da yawa a ƙofar gidanmu suke. Tinya tana ciki. Aguwa da ake shinge gonaki da ita tana ciki. Fid-da-sartse yana ciki. Har nonon kurciya, ɗan hakin nan da ke fitowa a gefen rariya, sunan gidansu ɗaya da abin da na naɗa a falo. In aka faɗaɗa zuwa dangi, rogo da zurma da bini-da-zugu duk 'yan uwa ne. Kowane suna ta kira sai Gwaggo ta ce "ƙwarai", kamar ana karanta mata sunayen jikokinta. Ƙerana ta ainihi ita ce Euphorbia kamerunica, wadda ake kewaye gidaje da gonaki da ita a ƙauyukan Filato, baƙi su gani su ce kaktus. Ita ma ta sha rikicin suna. Wani Bajamushe, Ferdinand Pax, ya fara raɗa mata kamerunica, daga baya wani masani a lambun Kew na Ingila ya sake raɗa mata barteri, don tunawa da Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya rasu a Rabba ta bakin Kwara a 1859. Da aka gane shuka ɗaya ce, sai aka bi ƙa'ida: sunan da ya riga shi ne suna. Gwaggo ta ce wannan ai ba sai an je jami'a ba, ba a yanka wa yaro rago sau biyu.

Har ma wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya bi ƙasar Hausa yana tambayar mutane irin Gwaggo sunayen itatuwa, ya buga su a littafi a 1916, kowanne da na Latin a gefensa. Wato shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce Bature ya zauna gaban tsofaffinmu da alƙalami yana koyo, ni kuma ga ni ina yi wa tawa tsohuwar dariya.

Don in tsira da ɗan mutunci na ce, to ai ba ƙerana ba ce ke nan. Yarinyar ta ce gaskiya ne, 'yar'uwarta ce. Gwaggo ta ce, "Me na ce? 'Yar ɗakinsu." Daga ranar baƙona ya tashi daga "shi" ya koma "ita" a bakin kowa a gidan.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ci riba. Amma kafin ta tafi yarinyar ta faɗi wata magana. Ta ce wannan shuka masana ba su san ta a daji ba, a hannun mutane kawai ake ganin ta, ana dai danganta asalinta da tsakiyar Afirka. Da wuya ƙwarai ta yi fure, don haka ba da iri ake yaɗa ta ba, reshe ake yanka, a bar shi ya sha iska kwana kaɗan bakin ya bushe, a dasa. Ta ci gaba da wani bayani a kan safar hannu da tabarau, amma ni tuni na bar falon da zuciyata, ina ƙirga rassa. Goma sha huɗu. Sau dubu 22. Naira 308,000 ce tsaye a kusurwar falona ana ce mata shinge.

Lahadi da hantsi na fitar da tukunyar tsakar gida, daga ni sai singileti da wuƙar yanka albasa. Reshe na farko ya fita salin-alin. Na biyu ya yi tsartuwa, nono ya wanke mini yatsu, ya yi danƙo kamar ƙaro. Ina kan na uku gumi ya gangaro mini daga goshi, na sa bayan hannu na share ido.

Da farko ba komai, har na ci gaba da yanka. Sai ɗan ƙaiƙayi. Sai na murza. Jama'a, na taɓa samun attaruhu a ido, na taɓa shan hayaƙin barkonon tsohuwa a zamanin ɗalibta. Waɗannan duk gaisuwa ce. Ji na yi kamar an ɗebo garwashi da cokali an zuba mini, an kuma rufe da murfi. Na yar da wuƙa, na yi karo da igiyar shanya, na kira sunan Allah, na kira uwargida, daga ƙarshe, in ji yara, na kira mahaifiyata da ta rasu shekara tara.

Kafin ka ce kwabo maƙwabta sun cika gidan, kowa da asibitinsa a baki. Wannan ya ce a ɗiga zuma, wancan ya ce man ja, wata ta ce a nemo mai shayarwa. Gwaggo ce ta daka musu tsawa. "Ruwa! Ku ba ni ruwa kawai." Ta sa aka danne ni a bakin rariya, ta buɗe idon da yatsunta, ta yi ta kwarara ruwa, buta na bin buta, har aka kusa ƙarar da randa. Butar nan kuwa ita ce wadda na kora daga kusurwar falo.

Aka tsayar da adaidaita sahu. Asibitin idon da na yi niyyar kai Gwaggo ran Litinin, shi ta kai ni ran Lahadi, tana riƙe da hannuna tana cewa, "Taka a hankali, ga tudu." Mai yana a ido tana yi wa mai digiri jagora.

Likita ya tambayi abin da ya shiga idon, na ce ruwan wata shuka. Ya ce, "Mene ne sunanta?"

Wata biyar ina jiran wani ya yi mini wannan tambaya da gaske. Ga ta ta zo, daga bakin masani, a gaban jama'a. Na buɗe baki na ce, "Yufo... Tirgo... ta Meziko..." Tsohon sunan da sabon suka cakuɗe, hawaye na zuba, majina na taya su.

Gwaggo ta ce, "Likita, nonon ƙerana ne."

"To, haka za ka ce," in ji shi, ya juya ya ba ma'aikaciyar jinya umarni. Suka ƙara wanke idon da ruwan asibiti, aka ɗiga wani magani mai rina ido ruwan goro, aka haska da shuɗiyar fitila. Ya ce saman idon ya ɗan saɓule, amma ruwan da aka yi saurin zubawa ya taimaka ƙwarai, don irin wannan nono yakan bar tabo, wani lokaci har ya tafi da gani, in aka yi sakaci. Ya tambayi wanda ya ce a zuba ruwa. Na nuna Gwaggo da hannu, don ba na iya kallon ta, kuma ba ciwon ne kaɗai ya hana ni ba.

Kwana goma na yi ina ɗiga magani, ina yawo da baƙin tabarau. Kuɗin asibiti ya haura kuɗin shukar, kuma a wurin biya ne uwargida ta ji ainihin farashinta, don na yi suɓutar baki ina kwatantawa. Wannan shari'a daban ce, ba a gama ta ba tukuna. 'Yar ƙanena ta zo dubiya da abin da take ganin lallashi ne. Ta ce in gode wa Allah ba tinya ba ce, don a nonon tinya, Euphorbia poissonii, akwai wani sinadari da ya ninka zallar sinadarin yajin barkono sau 1,000 a ma'aunin zafi. Na gode wa Allah. A majalisa kuwa aka sauke Yufobiya aka naɗa Kaboyi.

Da na warke na koma wurin mai fulawa da niyyar rigima. Ko gezau bai yi ba. "Alhaji, ai mu duk mai ƙaya kaktus muke ce masa." Kafin in haɗa amsa ya jawo wata tukunya, shuka mai kumburarren gindi da fure ja mai ninki-ninki, ya ce wannan Adeniyum ce, daga Tailan. A nan bai yi ƙarya duka ba, don masu lambun Tailan sun shahara da haɗa auren irin wannan shuka har su fitar da fure kala-kala, aiki ne na gaske. Sai dai na gane fuskarta. Ita ce Bahaushe ke kira ƙarya, mai fure ba 'ya'ya. Na ce masa wadda ya sayar mini a baya ko furen ba ta yi ba, na shiga mota.

Rassa ukun da na yanka, Gwaggo ta sa an kwashe da shebur an jefa bayan gida, daidai inda katanga ta zube awakin maƙwabta ke shigowa suna cin zogalen uwargida. Uwar ma can aka mayar da ita. Ba wanda ya ƙara ba su ruwa. Duk sun kama, sun yi ja wur a cikin rana fiye da ranar da na saya, kuma tun daga lokacin akuya ba ta sake shigowa ba. Buta da tsintsiya sun koma kusurwarsu.

Mai son reshe ya zo, kyauta ne. Ya dai taho da safar hannu da tabarau da wuƙarsa, don ni daga cikin falo zan nuna masa wurin.